Malam Kunne da 'Yar Taga

Yayana malamin makaranta ne, ni kuma tela ce, kuma in ana neman wanda ya fi surutu a tsakaninmu ba sai an wahala ba. Tun muna yara Inna take cewa ni na kwashe bakin gidan kaf, na bar masa kunnuwa. Bai taɓa musu ba. Musu ma ai sai mai baki.

Makarantar da ya yi shekara talatin da ɗaya yana koyarwa tana bayan tashar kaya, inda manyan motoci ke sauke buhuna su loda wasu. Unguwar ta mutanen da neman abinci ya kawo ce, leburori da direbobi da masu gadi, kowa da inda ya fito, kowa da yarensa. A makarantar kuwa komai da Turanci ake koyarwa. Yaro ya sauka jiya, ko "zo" bai sani ba, yau a dasa shi a aji a ce ya yi lissafi. Shi ya sa aka ware awa ɗaya kullum don sababbin zuwa, a wani ɗan ɗaki kusa da sito, mai taga ɗaya da allon da ya tsage a gefe. Babu malamin da yake son ajin nan. Aka tura wa Yaya, don an san ba zai ce a'a ba.

Yadda yake koyarwa, in ka leƙa, sai ka rantse wasa yake. Yaro ya yi tsuru-tsuru ya kasa magana, sai Yaya ya rusuna, ya kai hannu bayan kunne, ya ce, "Faɗa mini da yaren gidanku." Alhali ko kalma ɗaya ba ya ji. Yaron ya faɗa, Yaya ya maimaita ya yi kaca-kaca da ita, aji ya kwashe da dariya, yaron ya gyara masa, ya sake ɓatawa. Sai ya miƙe ya ce, "To, ni na gwada naka, an yi mini dariya, ga ni ban mutu ba. Saura kai ka gwada nawa." Kuma wallahi sai yaron ya gwada. Daga nan suka laƙa masa Malam Kunne, har iyayen ma haka suke kiransa.

Yana cikin shekara ta goma sha bakwai da wannan aiki aka naɗa wani matashi shugaban sashen Turanci. Matashin nan Yaya ne ya nuna masa yadda ake cika rajistar aji. Abin da ya fi Yaya da shi takarda ce kawai, digiri na biyu. Ranar da na ji, almakashi na jefar a ƙasa.

"Yaya, kai wai ba ka da zuciya ne? Yaron da ka koya wa aiki shi zai riƙa sa maka hannu a takardar neman izini?"

"Auta ke nan. Ai ajina bai taɓa ba."

"Ajinka! Wannan akurkin? To zauna nan, wata rana ɗan cikinka za a kawo ya zama ubangidanka."

Wata shida na yi ina yi masa wannan waƙar. In ya zo shago, ita ce. In na je gidansa, ita ce, har matarsa ta fara ɓuya a kicin in ta ji sallamata. Da jami'a ta buɗe kwas na digiri na biyu musamman don malaman da ke koyar da Turanci ga yara masu wasu harsuna, da kaina na je na karɓo fom na ajiye masa a kan cinya. Ya cika. Ina jin don ya samu lafiyar kunnensa ya cika.

Amma fa karatun ya karɓe shi, wannan ba zan ɓoye ba. Mutum mai shekara arba'in da huɗu, duk Asabar ya saɓa jaka ya tafi ya zauna cikin sa'annin ƙannensa, ya dawo fuska wasai. Wata Asabar ya faɗo shagona ko sallama bai gama ba, da wani littafi mai kauri a hannu.

"Auta, ashe abin da nake yi yana da suna! Ga shi nan, babi guda. Wai yaro ya riƙa taka harshensa na gida yana hawa zuwa sabon harshe."

"To sai ka ce musu su sa hotonka a bangon."

Ya yi dariya har da hawaye. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na shekarar farkon nan ba, kuma na ɗauki kirarin duka na rataya wa kaina.

A shekara ta biyu aka zo kan kundin bincike. Malamar da ke duba aikinsa, wadda yake kira Dakta, mace ce mai kirki, ba zan yi mata ƙazafi ba. Ta ce masa sanin da yake da shi a cikinsa ba hujja ba ne, sai ya nuna a takarda. Hanyar nunawar kuwa ita ce a raba ajin gida biyu na tsawon mako goma sha biyu. Yara ashirin da takwas ne. Sha huɗu ya ci gaba da koya musu yadda ya saba. Sauran sha huɗun, Turanci zalla, ba a yarda da yaren gida ba ko kalma ɗaya, kuma ba ƙarin taimako a waje. A ajiye rikoda a kan tebur tana ɗaukar komai. A ƙarshe a yi musu jarrabawa ɗaya a ga su wa suka fi. Kuma don kada a ce ya zaɓi masu ƙoƙari ya zuba a ɓangaren da yake so, sai a yi ƙuri'a, wanda bai san yaran ba ya ciro.

Wanda bai san yaran ba, ni ce. Ya zo shago da sunayen a 'yan takardu a nannaɗe. Na juye maɓallan da ke cikin wani gwangwani, muka zuba su, na girgiza, na riƙa cirowa ina jefawa dama da hagu ina tsokanarsa. Ina tsaka da haka na ga ya buɗe wata takarda da na jefa hagu. Ya buɗe wata ta dama, ya haɗa su biyun a hannu yana dubawa.

"Lafiya?"

"Kin raba Aku da 'Yar Taga."

Nan ya ba ni labarinsu. 'Yar Taga yarinya ce mai shekara tara, ubanta ɗan dako ne a tashar kaya. Wata huɗu ta yi a ajin tana zaune a gindin taga, ko tari ba a ji ta yi ba. Aku kuma maƙwabciyarsu ce, yarensu ɗaya, ita ta riga ta fara kama Turanci, kuma bakinta ba ya hutawa, shi ya sa ya sa mata sunan. Sati biyu kacal kafin ranar ƙuri'ar 'Yar Taga ta fara magana. Ta raɗa wa Aku, Aku ta faɗa da ƙarfi, Yaya ya maimaita ya ɓata, sai yarinyar ta kasa daurewa ta gyara masa da kanta. Ya ce ashe ma kaifin ƙwaƙwalwa gare ta, lissafin da 'yan aji biyar ke fama da shi a ka take yinsa. Yanzu ga Aku a dama, ga ta a hagu, a ɓangaren Turanci zalla.

Na ce, "To musanya mana, wa ya gani?"

Ya ce, "Ni na gani."

Yaya ke nan. In ka ba shi doka, ko kai da ka kafa ta ba ka isa ka sa ya karya ba.

A mako na uku ya dawo shagon, ya zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, na tsayar da keken ɗinki. Ya ce yau yarinyar ta taso daga wurinta, ta zo har gabansa, ta ja hannun rigarsa, ta faɗa masa wata magana da yarensu. Ita kaɗai, ba Aku. Wannan ne karo na farko da ta taɓa yin haka. Ga rikoda tana aiki, ga yara sha uku suna kallo. Hannunsa har ya ɗaga zai tafi kunne, ya mayar da shi aljihu, ya ce mata da Turanci ta faɗa da Turanci. Ta sake faɗa da yarensu, a hankali, kamar mai zaton bai ji ba ne. Ya sake maimaita mata abin da ya ce. Ta tsaya tana dubansa, sannan ta koma gindin taga.

"Auta, zan mayar da ita wancan ɓangaren. Na yi wa Dakta waya. Ta ce ba ta hana ni ba, amma yaran dama ba su da yawa, in na fara taɓa su da hannuna kwamitin jami'a zai iya cewa binciken ya lalace, sai dai in sake sabo baɗi."

A nan ne na yi maganar da har in mutu ba zan daina jin ɗacinta ba. Na ce, "Haba Yaya! Mako tara ya rage fa. Mutuwa za ta yi? Wata huɗu ta yi shiru ba abin da ya same ta. Ka gama aikin nan, yara dubu za su amfana, har da ita. Za ka zubar da wahalar shekara biyu saboda yarinya ɗaya ta yi zuciya?"

Ya ce, "Mako tara." Na ce, "Kamar yau ne." Baki shi ke yanka wuya, amma nawa wuyan wani ya yanka.

Ya cika mako taran nan cif. Matarsa ta ce abinci ma tsakura yake yi. A makaranta in ya hango yarinyar a baranda sai ya canja hanya, don ba zai iya haɗa ido da ita ba kuma doka ta hana shi yi mata magana yadda za ta gane. Ita kuwa ba a sake jin muryarta ba, ba a ajinsa ba, ba a babban ajinsu ba. Aku ma ta ce ko a hanyar gida ta rage magana.

Aka yi jarrabawa. Ɓangaren dama suka yi wa na hagu fintinkau. Abin da Yaya ya sani tun shekara goma sha tara, yanzu ga shi a jadawali da lambobi. Dakta ta ji daɗi ƙwarai.

Sai dai kafin ya ankara, malamar babban ajin ta riga ta kai rahoto cewa tana da yarinyar da ba ta magana. Aka turo jami'i daga ofishin ilimi. Ya zauna da ita minti ashirin, ya yi mata tambayoyi da Turanci, ta zuba masa ido. Ya rubuta cewa tana da jinkirin fahimta, a mayar da ita makarantar masu buƙata ta musamman a can ƙarshen gari, mota biyu ake hawa kafin a kai. Kafin takardu su fito kuma aka cire ta daga ajin Yaya, wai ba amfanin da yake yi mata.

Ranar na ga fushin yayana, abin da ban taɓa gani ba. Ya rubuta wasiƙa shafi uku, ya kai da ƙafarsa. Ya ce yarinyar nan lafiyarta ƙalau, ya ji ta da kunnensa, ta fi rabin makarantar kai. Suka ce to madalla, Malam, kawo shaida. Wace shaida? Sati biyun da ta yi tana magana ba rikoda a lokacin, ba a fara bincike ba. Abin da yake da shi a hannu shi ne faifan mako goma sha biyu, wanda duk tsawonsa jimla ɗaya ta faɗa sau biyu, da takardar jarrabawa da ta miƙa ba ta rubuta komai ba sai sunanta. Suka karɓa suka saurara, suka ce ai wannan ma ya ƙara tabbatar da maganar jami'in. Da hannunsa ya kai musu.

Watanni aka yi ana jan maganar. Ya yi ta ƙoƙarin tarar yarinyar a filin makaranta, amma da ta hango shi sai ta sunkuyar da kai ta bi bayan ajujuwa. Ya ce mini, "Ta tsane ni, Auta, kuma tana da gaskiya." Sai ya daina binta, wai kada ya ƙara mata damuwa.

Ƙarshen shekara takarda ta fito. Uban ya ce shi 'yarsa ba taɓaɓɓiya ba ce, kuma ba shi da halin mota biyu kullum, gara ta koma can inda suka fito ita da uwarta. Makaranta na hutu a lokacin, Yaya bai sani ba. Yana kulle a ɗaki yana shirin kare kundinsa a gaban kwamiti ranar Alhamis.

Ranar Talata da hantsi ina yanka yadi sai ga wata yarinya a ƙofar shago, tana haki. Aku ce. Ta san shagon don ni nake ɗinka wa rabin makarantar yunifom.

"Anti, ina Malam Kunne? Ban san gidansa ba."

"Yana da aiki. Mene ne?"

"Ƙawata za su tafi ranar Juma'a da safe, ba za su dawo ba. Ta ce in faɗa masa wai ya yafe mata. Wai ita ba ta san laifin da ta yi masa ba da ya daina sauraronta, amma ko mene ne ya yi haƙuri. Ta ce ta yi ta tunani ta kasa ganowa."

Na tsaya da almakashi a hannu. Na ce mata to, zan faɗa masa, na ba ta alawa ta tafi. Kuma Allah ya gani, na yi niyyar faɗa. Amma na san yayana. Na san in ya ji wannan maganar zai watsar da takardun ya fita, ranar Alhamis kuma ya je gaban kwamiti ba shi da kai. Na ce bari ya gama tukun, ai akwai yammacin Alhamis.

Ranar Alhamis ya ci, da yabo ma. Gida ya cika, abokansa na kwas suka zo, Inna tana ta share hawaye, shi ma a karon farko cikin watanni na ga haƙoransa. Sau biyu na kama hannunsa zan ja shi gefe, sau biyu wani ya shiga tsakani, ni kuma na ji daɗin shigar. Na ce gobe da asuba. Da asuba na ce bari gari ya waye. Da gari ya waye na ce ai yanzu sun riga sun tafi, mene ne amfanin tayar masa da hankali? Bayan sati guda kuma faɗar ta zama tonon asirin kaina. Ni da ba a taɓa jin magana ta kwana a cikina ba, na haɗiye wannan shekara goma sha biyu.

A cikin shekarun nan an ba shi shugabancin sashen da na yi ta haƙilo a kai. Ya karɓa, amma ya ƙi sakin ɗan ajinsa na kusa da sito. Jami'a ta riƙa gayyatarsa yana yi wa sababbin malamai lacca, kundinsa ma har yau ana ba ɗalibai su karanta. Na taɓa raka shi sau ɗaya. Wata ɗaliba ta tambaye shi yadda za ta raba ajinta gida biyu don bincike, sai ya ce mata, "Nemi wata hanya, 'yata. In kin riga kin san wanne ne ruwa, kada ki hana rabin aji sha don ki auna ƙishirwa." Aka yi tafi. Ni kaɗai a ɗakin na san ba hikima yake yi ba.

Bara ya yi ritaya. Ya koma kullum da la'asar sai ya zo shago ya zauna a kan benci, yana kallona ina aiki, ina zuba masa labarin unguwa. Wata rana ina cikin ɗinka yunifom ɗin wata ƙaramar yarinya, ya ɗauki rigar ya juya ta, ya ce, "Yanzu 'Yar Taga ta kai ashirin da ɗaya. Ko ta yi karatu? Ina dai fata ta huce. Abu ɗaya ke sanyaya mini rai, ta san wanda ya cuce ta. Yaro in ya san laifin na babba ne, yakan warke."

Ƙafata ta tsaya a kan keke. Ban shirya ba, ban yi tunani ba, maganar ce kawai ta fito. Na faɗa masa duka, yadda Aku ta zo tana haki, da abin da ta ce, kalma bayan kalma, don ko ɗaya ban manta ba. Ina faɗa ina kuka. Na ce, "Yaya, ka zage ni, ka mare ni ma in kana so."

Bai zage ni ba. Ya ninke rigar a hankali ya ajiye a kan tebur.

"Wace rana ta zo?"

"Talata."

"Suka tafi Juma'a."

"Juma'a."

Na ga yana lanƙwasa yatsu yana ƙirga kwanakin. "Gidan nasu bayan tasha yake, Auta. Tafiyar minti goma daga nan. Magana ɗaya ce zan faɗa mata, Aku ta fassara." Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya tsaya a bakin ƙofa ya ba ni baya. "Ke nan tana can har yau tana neman laifinta."

Ya fita. Har yanzu yana biyowa da la'asar, don Yaya ba ya yanke zumunci. Yakan tsaya daga ƙofa ya tambayi lafiyata da ta yara, in ce masa ga benci, ya ce sauri yake yi.